Ƙarin da Ke Bayan Idon 'Yata

Malamar ajinsu ce ta fara lura, ba ni ba. Har yau abin yana ɗan ci mini rai, domin makaranta ɗaya muke koyarwa da ita a nan Daura, ni ina aji biyar, ita tana aji biyu inda 'yata take, kuma kullum tare muke fita daga gida da yarinyar, hannuna riƙe da nata. Wata Laraba an fita tara, ta same ni a gindin darbejiya ina duba littattafan ɗalibai, ta zauna a gefen bencin.

Ta ce, "Malama, kin lura da yadda 'yarki take kallon allo?"

Na ce yaya take kallonsa.

"Sai ta karkace kai, ta sa tafin hannu ta rufe ido ɗaya, sannan ta kwafi rubutu. Ya kai sati biyu ina ganin haka."

Shekararta bakwai a lokacin. Ita ce ta uku cikin 'ya'yanmu huɗu, kuma sunan mahaifiyar mijina aka sa mata, don haka babanta bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Da muka koma gida na tsayar da ita a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake, na tambaye ta dalilin rufe ido. Ta ce, "Umma, idan na buɗe duka biyun, layin biyu yake zama." Na riƙe haɓarta ina dubawa. Idon bai yi ja ba, babu kwantsa, ba ya hawaye. Sai dai na hagun ya ɗan fi na daman fitowa, kaɗan ne ƙwarai, wanda ba a gaya masa ba ba zai gani ba. Na ce yana mata ciwo, ta ce a'a, ta zame ta tafi wasanta.

Mai kemis na unguwarmu ya ba mu maganin ɗigawa. Muka yi sati biyu muna ɗiga mata safe da yamma, ba abin da ya sauya. Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata Asabar da rana, ta gaji da wasa barci ya kwashe ta a kan tabarma. Na zo zan gyara mata kwanciya, sai na ga idon dama ya rufu ruf, na hagun kuwa fatar ta kasa haɗuwa, ana hango farin ido ta tsakani. Na daɗe tsugune a kanta. Da babanta ya dawo daga kasuwa ban bari ya cire takalmi ba, na ce ya zo ya gani.

A asibitin garinmu likita ya haska idon da tocila, ya ɗan danna shi da yatsa ta saman fata, sannan ya rubuta mana takarda zuwa Katsina. A Katsina aka auna ganinta, aka ce ƙwayar idon lafiyarta ƙalau, wani abu ne daga baya yake turo ta, kuma sai an ɗauki hoton cikin kai za a san ko mene ne. Aka sake ba mu takarda zuwa babban asibiti a Kano. Mijina fataucin tumaki da awaki yake yi, bai cika fashin kasuwar Mai'aduwa ba, amma ya bar wa ƙanensa komai. Ni kuma na nemi izini a makaranta, na kai sauran yaran gidan iyayena, muka hau mota muka sauka wajen goggona a Kano.

Na'urar ɗaukar hoton kamar bakin rijiya take da aka kwantar. Aka ce yarinyar za ta shiga ciki ta kwanta ba motsi, idan ta kasa sai an yi mata allurar barci. Suka yarda in shiga da ita bayan na cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe da ke jikina. Ƙarar na'urar kamar ana daka a turmi goma lokaci guda. Ƙafafunta kawai nake gani, na riƙe babban yatsanta, kuma ba ta motsa kai ba har aka gama.

Bayan kwana uku aka kira mu wani ɗan ofis. Likitoci biyu ne, wata mace likitar ido, da wani dattijo mai furfura wanda aka ce likitan ƙwaƙwalwa ne. Da na ji an ce ƙwaƙwalwa sai na kalli mijina, don ni a zatona maganar ido muka zo yi. Aka bar yarinyar a waje da goggo. Dattijon ya ɗauko wani ƙoƙon kai na roba daga kan teburi, ya juyo da shi wajenmu.

Ya ce, "Ido a cikin wani kwarmi yake zaune, kamar ƙwai a cikin ludayi. A can ƙarshen kwarmin akwai 'yar ƙofa, ta nan jijiyar gani take bi ta shiga ƙwaƙwalwa. 'Yarku tana da ƙari a nan. Ya cika bayan idon yana turo shi waje, kuma ya fara bin ƙofar nan zuwa gindin ƙoƙon kai."

Mijina ya ce, "Likita, babu maganin da zai narkar da shi?"

"Wannan kam sai an cire."

"Ta ina za ku shiga?"

Dattijon ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, ya ja shi sama ta cikin gashi har tsakiyar kai. Ya ce za su ɗaga wani ɗan ƙashi na saman gira, shi ya yi aikin ta ciki, likitar ido ta yi nata ta wajen kwarmin, in sun gama su mayar da ƙashin inda yake. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce idon zai iya rasa gani gaba ɗaya, za ta iya zubar da jini mai yawa, kuma duk aikin da ya kai kusa da ƙwaƙwalwa akwai haɗarin rasa rai a cikinsa, ko da kuwa bai cika faruwa ba. Idan kuma aka bar shi, zai ci gaba har ya isa inda jijiyoyin idanun biyu suka haɗu, ya taɓa mai lafiyar.

Na ce, "Ciwon daji ne?" Ban san lokacin da tambayar ta fito ba.

Likitar ido ce ta amsa. Ta ce a hoto bai yi kama da shi sosai ba, amma ba za ta rantse ba sai an cire an auna. Suka ba mu takardar amincewa. Mijina ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ce za mu je gida mu yi shawara. Muka kama hanyar Daura. Da muka tsaya a Kazaure ya sayo wa yarinyar dafaffen ƙwai, ya ɓare mata, ya zauna yana kallon ta tana ci.

Yayansa ya zo daga Zango da ya ji labari. Mutum ne mai son yarinyar, ban taɓa shakkar hakan ba. Ya zauna a tsakar gida ya ce kan mutum ba ƙwarya ba ne da za a fafe a ɗinke, ya ce ya san wanda aka yi wa aikin kai bai sake magana ba, ya ce a ƙara haƙuri a dage da addu'a. Mijina ya sunkuyar da kai yana sauraro. Takardar ta yi kwana goma a aljihunsa, idan ya sauya riga sai ya mayar da ita cikin sabuwar.

Ni kuwa kowace safiya sai na tsayar da yarinyar na duba idon ta gefe, kamar mai auna tsiron shuka. Wani lokaci in ga kamar ya ƙaru, wani lokaci in ce idona ne. A aji sai in tsinci kaina riƙe da alli ban san inda na tsaya ba. Yara sun fara tsokanarta, ta daina son fita tara. A rana ta takwas na kasa daurewa, na same shi bayan sallar asuba yana ba awaki dusa.

Na ce, "Malam, takardar nan fa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Malama, tun ina yaro nake ganin ana kwantar da dabba. Na san aikin wuƙa. Yanzu ki ce in sa hannuna a takarda a kwantar da Uwata?"

Na ce idan ba mu sa ba muna zaune za ta makance a gabanmu. Ya ce ya sani. Ya ci gaba da zuba dusar har ta cika kwanon tana zuba ƙasa.

Kwana biyu bayan haka surukata ta iso daga ƙauyensu na bayan Zango, a bayan babur, ba tare da ta aiko ba. Gaskiya da na gan ta na ɗauka ta zo ƙarfafa maganar babban ɗanta ne. Ta sha ruwa, ta huta, sannan ta ce, "Zo nan, takwara." Ta zaunar da yarinyar a cinyarta, ta daɗe tana duba fuskar, ta sa ta rufe ido ta buɗe. Ta sallame ta, ta ce a kira mata mijina. Na tashi zan ba su wuri, ta ce in zauna.

Ta ce masa, "Kafin in haife ka na haifi wata 'ya, ba ka san ta ba, ban cika zancenta ba. Tana da shekara huɗu wuyanta ya fara kumbura. Babu abin da ba mu shafa ba, babu abin da ba mu jiƙa ba. Har muka kai ta makwancinta ba wanda ya iya gaya mini ko sunan abin. Ku kuwa an nuna muku hotonsa, an ce ga inda yake, ga masu cirewa. Rai na Allah ne, in kwana ya ƙare ko a kan tabarmar nan zai ƙare. Jibi mu tafi, da ni za a je."

Mijina ya ce, "To, Inna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

A ofishin likita ya sa hannu, ni ma na sa a ƙarƙashin nasa. Aka ba mu gado a ɗakin yara, aka sa ranar aiki. Ana saura kwana ɗaya sai tari da zazzaɓi suka kama ta, mai allurar barci ya zo ya saurari ƙirjinta ya ce ba zai yarda ba sai ta warware. Aka ɗaga da sati guda. Na riga na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi don wannan rana, da aka ɗaga sai na rasa inda zan ajiye shi. Satin nan ya fi mini kwana goman Daura tsawo.

A cikinsa ne ta yi mini tambayar da nake gudu. Tun farko ce mata nake yi za a wanke mata idon ne kawai. Ashe ta ji matar gadon kusa da mu tana ba wata labari. Ina yanke mata farce ta ce, "Umma, cire idona za a yi?"

Na ajiye rezar. Na ce ba za a cire ba, wani abu ne ya tsiro a bayansa kamar ƙululu, shi za a cire, kuma ta cikin kanta za a bi, tana barci, ba za ta ji komai ba sai bayan ta farka.

Ta ce, "To me ya sa kika ce wankewa?"

Na ce tsoro nake ji. Ta dube ni kamar ba ta taɓa sanin ina jin tsoro ba. Can ta ce, "Za a aske mini kai?" Na ce gaba kawai. Wannan ne ya sa ta kuka, ba maganar yanka ba. Kakarta ce ta tsefe mata kitson da yamma, a hankali, tana gaya mata cewa gashin da aka aske ya fi fitowa da yawa.

Babanta ya ba da jini tun ana gobe, shi da ɗan goggo. Da safe wajen ƙarfe takwas aka zo da gadon turawa. Muka bi ta har wata ƙofa mai murfi biyu inda aka ce iyakarmu ke nan. Ta cire silifas ɗinta ta miƙo mini ta ce, "Umma, riƙe mini, kada su ɓata." Aka tura ta ciki.

Akwai dogon benci a jikin bango, a nan muka zauna tare da wasu mutanen da su ma nasu ke ciki. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai dukanmu mu ɗaga kai. Aka fito da wani dattijo, mutanensa suka bi shi. Aka fito da wata mata. Wajen sha ɗaya wata nas ta fito da sauri, ta dawo da ledar jini a hannu, ta shige ba ta kalli kowa ba. Har yau ban san ko na 'yata ba ne, amma a lokacin na tabbata nata ne. Mijina ya kasa zama. Ya tafi masallaci ya dawo, ya sake tafiya ya dawo, ya tsaya jikin taga yana kallon masu shanya a bayan ɗakin. Surukata tana jan carbi, lokaci-lokaci ta gutsiri goro. Da azahar ta wuce ta buɗe kwanon kunu ta ce in sha. Na ce ba zai wuce ba. Ta ce, "In ta fito wa zai yi jinyarta, ni?" Na sha rabi. Na yi sallah a nan gefen bencin, kuma ban iya tuna ko raka'a nawa na yi ba.

Sai bayan la'asar dattijon likitan ya fito, hular aiki ta yi masa shaida a goshi. Muka miƙe gaba ɗaya. Na kafe bakinsa da ido.

Ya ce, "An gama, tana numfashi da kanta, ta motsa hannu da ƙafa." Mijina ya dafa bango ya sulale ya zauna a ƙasa. Likitan ya jira shi, sannan ya ci gaba. "Mun cire mafi yawansa. Akwai ɗan kaɗan da ya manne a jikin jijiyar gani, kusa da wata babbar jijiyar jini. Da gangan na bar shi. Ja shi ya fi barinsa haɗari. Za mu riƙa duba shi."

Na ce, "Idon fa?"

Ya ce wannan sai kumburi ya sauka.

A ɗakin kulawa ta musamman minti kaɗan aka ba ni. Da ba a nuna mini gadon ba da na wuce ta. An naɗe kan da bandeji, wata 'yar roba ta fito daga ciki tana zubar da ruwa ja-ja cikin leda, fuskar ta kumbura har hancin ya nutse. Na taɓa ƙafarta na ji da ɗumi. Washegari da safe da na kira ta, ta buɗe idon dama ta ce, "Umma, ruwa." Na juya wajen nas ina tambaya ko za a iya ba ta.

Idon hagu ya yi kwana shida a rufe, ya yi suntum, ya yi baƙi kamar an doke ta. A rana ta bakwai likitar ido ta zo ta ɗaga fatar da yatsa, ta ce in rufe mata na daman da tafina. Ta ɗaga yatsu uku a gabanta ta ce, "Nawa ne nan?" Yarinyar ta kasa ƙirgawa. Ina jin gashin idonta yana motsi a cikin tafina. Likitar ta kaɗa hannun hagu da dama. Sai ta ce, "Wani abu yana wucewa." Likitar ta ce wannan ma abu ne, jijiyar ba ta mutu ba. Ni dai na so a ce ta ƙirga.

Bayan sati biyu aka sallame mu. Sakamakon awon ƙarin kuwa sai da muka ƙara jiran sati uku a gida, ina koyarwa da waya a aljihu, duk ƙarar da ta yi sai in ciro ta in duba. Da muka koma, likitar ido ba ta bari mun zauna ba ta ce, "Ba mai yaɗuwa ba ne." Mijina ya ce ta sake faɗa, ta sake. Sannan ta tuna mana cewa ragowar da aka bari yana iya girma, yana iya kuma zama yadda yake shekara da shekaru, don haka duk wata shida za a sake hoto.

Shekara huɗu ke nan yanzu. Idon ya koma mazauninsa, sai dai fatar ta ɗan sauko, kamar mai jin barci ta gefe guda. Tana ganin haske da inuwar mutum da shi, tana gane babban abu idan yana kusa, amma ba ta karatu da shi. Tana sa tabarau don kare mai lafiyar. Tabon ya ɓace cikin gashi, mai kitsonta ta san inda ba a ja. Surukata ta rasu shekara biyu bayan aikin, ciwon kwana uku. Yayan mijina kuwa duk zuwan da zai yi sai ya kira yarinyar ya dafa kanta, bai taɓa tayar da tsohuwar maganar ba, mu ma ba mu tayar ba.

Tsoron bai tafi ba, ya dai koyi zama wuri ɗaya. Bara da damina ta tashi da ciwon kai da amai, kafin hantsi na riga na haɗa kaya zuwa Kano. Babanta ya ce a fara auna jini a nan, aka auna aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, kwana uku ta miƙe. Duk lokacin da watan hoto ya kama kuwa abinci ba ya mini daɗi sai mun je mun dawo. Zuwanmu na ƙarshe dattijon ya jera sabon hoton kusa da tsohon, ya daɗe yana kallo, yana matsar da fuska kusa yana ja da baya. Sannan ya ce bai motsa ba, kuma daga yanzu sau ɗaya a shekara ya isa.

Watan jiya wata mata ta yi sallama a gidanmu, daga garin Babban Mutum, goye da 'yarta mai shekara uku. Wata ce a motar haya ta ba ta labarinmu, ta yi ta tambaya har ta gano gidan. Da ta sauke yarinyar na ga idon, nata ma ya fi na 'yata fitowa. Ta ce in gaya mata gaskiya, ana warkewa? Na ce ban sani ba, ciwon ba iri ɗaya ba ne, likita ne zai faɗa bayan hoto. Na kira 'yata ta gaishe ta, matar ta riƙe hannunta tana kallon fuskarta. Na rubuta mata inda za ta fara zuwa da abin da za ta riƙe, na ce kada ta bari sati ya zagayo. Ta ce sai ta shawo kan mijinta tukuna. Na ba ta lambar wayata, na raka ta har bakin titi ta hau babur. Ba ta kira ba tukuna.